Murfin Akushin Mahealani

A gidan Mahealani, can Waianae a bakin teku, ba a yin faɗa in akushin poi yana buɗe. Gwaza ake kirɓawa a yi poi, gwaza kuwa, a imaninsu, yayan ɗan Adam ne tun asali, kuma ba a ɗaga murya a gaban babba. Da haka ta raini 'ya'yanta maza biyu, Kanoa da Ikaika. Da sun kaure da cacar baki sai ta ɗage murfi, kowa ya haɗiye zaginsa.

Yanzu unguwar ta koma masaukin 'yan yawon buɗe ido, tsadar gari ta kora yaran zuwa can birnin Las Vegas. Gidan ya yi tsit, sai kukan teku.

Ran Lahadi suka kira ta a waya tana shirin cin abinci. Ko gaisuwa ba su gama ba suka fara.

"Kai ka fasa kwalekwalen Baba, mai ƙaton kai!" in ji Kanoa.

"Ji maƙaryaci! Mama, gaya masa!"

Hannunta ya kai kan murfin, kamar yadda ya saba. Sai ta danne shi da kyau, ta jawo wayar kusa da kunnenta.

"Akushi a rufe yake," ta ce. "Ku ci gaba, ja'irai."