Wayar Inna Kulu Ta Ƙi Yin Shiru

Aikina gina shafukan intanet, a wani ɗaki bayan shagon yadin mahaifiyata a Nasarawa, cikin Birnin Kebbi. Sunana Basirat, kuma ina da wani mugun hali: duk wanda ya ce aikina ya lalace, wayarsa nake fara zargi.

Mata goma sha biyu masu bandar kifi a Argungu suka sa na yi musu shafi. Kowace da nata ɓangare, da hotonta da na kifinta, da lambar wayarta, da linkin da za ta tura wa masu saye su danna. A cikinsu har da Sadatu, aminiyata tun muna sakandare, wadda ni na lallashe ta ta shiga ƙungiyar.

Bayan kwana uku ta kira ni, ko gaisuwa babu.

"Basirat, mi na yi miki? Duk wanda na tura ma linkina, kihin Inna Kulu yaka gani. In ita kinka zaɓa, ki hwaɗa min in hita."

"Wayarki ce, ki kashe ki kunna," na ce.

Ta kashe dai, amma a kunnena. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ban taɓa jin muryarta haka ba. Washegari da safe na saɓi kwamfutata na hau motar Argungu.

Na tarar da Inna Kulu, shugabarsu, zaune gaban murhun banda, waya manne a kunne, hayaƙi na shiga mata ido.

"Ɗiyata, zo ki raba ni da abin ga! Kihina ya ƙare tun shekaranjiya, mutane sun hana ni ko sallah cikin natsuwa."

Sadatu na gefe tana juya tarwaɗa, ta ƙi kallona. Na karɓi wayarta na danna linkin. Sai ga hoton Inna Kulu tana murmushi. Na gwada na sauran matan ɗaya bayan ɗaya, duk ita ce. Kunya ta rufe ni.

Na zauna a kan turmi na buɗe jerin hanyoyin shafin. Manhajar daga sama take karanta jerin, hanyar da ta fara dacewa da adireshi ita ke ɗaukar baƙo. Ga laifina nan a layin farko, ƙuru-ƙuru. Ranar da nake gwaji na rubuta wata hanya mai kama duk adireshin da ya fara da kalmar kifi ta kai shi wurin Inna Kulu, na manta ban goge ba. Kuma duk gwajin da na yi ta yi ina yaba kaina, da linkinta kaɗai na yi shi.

"Inna, kamar keke ne a bakin tasha," na ce. "Na gaba ya kwashe fasinja duka, na baya suna hamma."

"To ki hidda ni daga gaba, na gaji!"

Matan suka kwashe da dariya. Na goge layin, na sa manhajar ta sake fitar da linkin kowa daga sunan hanyarsa, na bi goma sha biyun ina dannawa a gabansu. Kowace ta ga fuskarta sai ta rangaɗa guɗa.

Na matsa kusa da Sadatu. "Wayarki lafiya lau take. Ni ce."

Ta ci gaba da juya tarwaɗarta. Ana cikin haka sai wayar Inna Kulu ta sake ƙara, wata mata ce daga Gwadangaji tana son kwando biyu.

"Nawa ya ƙare, amma ga wadda ta hi ni iya banda," in ji Inna, ta miƙa wa Sadatu.

Hannun Sadatu duk mai ne da toka. Ta dube ni, dariya na neman ƙwace mata.

"Ke, riƙa min a kunne mana. Tsaye kike kamar baƙuwa."