Tsinke Ya Riga Bugu

Mijina malamin koyar da tuƙi ne, kuma duk wanda ya taɓa zama kusa da shi a mota ya san abin da ya sa ɗalibansa suka laƙaba masa Malam Birki. Mutum ne da ko shayi sai ya huce ya gaji da hucewa kafin ya kai shi baki. Amma a wasan nan na faɗan dodanni, wanda shi da ƙaninsa Auta suke bugawa a 'yan na'urorinsu tun kafin in shigo gidan, ba abin da yake so kamar sauri. Dodonsa wani siriri ne ɗan jinsin ciyawa, mai kama da zomo, kunnuwansa ganye. Ya sa masa suna Tsinke.

Ni ban taɓa riƙe na'urar da sunan wasa ba, sai dai zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Tun ina amarya ake karanta mini dokar a kan teburin cin abinci, ko na so ko na ƙi. Kowa zai zaɓi bugunsa a ɓoye, sai dodon da ya fi gudu ya fara kai nasa. Tsinke ba shi da ƙwarin jiki ko kaɗan. In ya riga ka, ya gama da kai. In ka riga shi, bugu ɗaya ya ishe shi. Shi ya sa duk makin horon da wasan yake bayarwa, a ƙafar Tsinke Malam yake zuba shi.

Auta kuma yana da wani kifi mai baƙin gudu da ke tofa ƙanƙara. A dokar wasan ciyawa tana cin ruwa, ƙanƙara tana kashe ciyawa, don haka in suka haɗu wanda ya riga shi ke da rana. Shekara da shekaru suna wannan tata-ɓurza: wannan ya ƙara maki a ɓoye, wancan ya gano ya ƙara nasa, su zo su yi ta musu a falona kamar yara, ga gemu ga furfura. Har aka kai inda Tsinke ya ƙure gudunsa, babu sauran abin ƙarawa, kifin Auta kuwa ya ɗara shi da maki ɗaya tak. Malam ya sha kashi, ya sake sha, ya ce a ba shi mako guda zai samo dabara. A cikin makon nan ya faɗi a ƙofar banɗaki da buroshi a hannunsa.

Ɓarin dama ya shanye, magana ta ɗauke. Likita ya ce ba wanda zai iya cewa ga iyakar abin da yake fahimta, mu dai ci gaba da yi masa magana. Na yi, da farko. Ina gaya masa wanda ya zo gaishe shi, da abin da na dafa, da yadda famfon kicin ya koma ɗiga. Idonsa yana kan bango. Daga baya na koma yin maganar da ake yi wa jariri, daga nan kuma na daina gaba ɗaya.

Ba zan ce na yi baƙin ciki ba, don ban ji shi ba. Mutane suna zuwa suna yaba haƙurina, ni kuwa na san ba haƙuri ba ne, babu komai ne a wurin. Da safe in goge masa jiki, in aske masa gemu, in ɗaga mataccen hannun in sa a hannun riga, in ba shi shayi da cokali, rabi ya shiga rabi ya bi haɓa. In zaunar da shi a keken marasa lafiya yana fuskantar bangon da yake so, in miƙa shi ga matar da ke kwana da yini wajen jinyar mutane, in tafi aiki.

A shagon tabarau nake aiki. Yini nake ina ɗora wa mutane gilashi a ido ina tambaya, wannan ya fi ko wancan? Su ce wannan, su ce a'a wancan, su ce a maimaita. Wata tsohuwa ta taɓa cewa duk biyun ɗaya ne a wurinta, na ji kamar in ce mata nima haka. Ina goge gilasai da ƙyalle, ina jera su a kanta, ina yi wa mai shagon dariya in ya yi abin dariyarsa na kullum. Ya ce ya ji daɗi da na dawo daidai.

Babbar yayarsu ce ta kawo maganar gidan jinya. Ta samo wani mai tsabta, akwai masu juya mara lafiya, akwai masu motsa masa gaɓoɓi. Ta ce ba gudunsa za mu yi ba, taimakon kai ne, kuma ni ma mutum ce. A ɗakinsa muka yi maganar, tana zaune a bakin gado, keken Malam yana tsakaninmu kamar tebur. Na ce to. A ɗakin kuma na amsa wayar ƙanwata, ina ninke masa wanduna, ta tambaye ni ko ba zan yi kewarsa ba. Na ce mata wanda na aura ya tafi tun ranar da ya faɗi, wannan jiki ne kawai nake wankewa. Na faɗa ne yadda zan faɗi farashin gilashi. Na haɗa jakarsa na jingine ta da bango.

Auta ne kaɗai bai yarda ba, amma shi auta ne, ba a tambaye shi ba. Ana gobe za a tafi ya zo da rana da na'urorin nan biyu a leda. Ya same ni a kicin ya ce yana so su buga ko sau ɗaya ne. Na ce masa yayan nasa ko cokali ba ya riƙewa. Ya ce babban yatsan hagu yana motsi, ya gani, kuma wasan ba ya buƙatar fiye da haka. Sannan ya rage murya, duk da ba kowa.

"Anti, na rage wa kifin gudu. Maki biyu na cire. In suka haɗu Tsinke ne zai riga."

"Don me?"

"Don ya ci mana. Ya tafi da abin daɗi."

Na ce ya yi yadda ya so. Na ƙara da cewa ashe sai da mutum ya shanye sannan zai ga alherinsa, na faɗa da sigar tsokanar da muka saba, amma ba wanda ya yi dariya.

Auta ya ɗora na'urar a kan tiren keken, ya tokare ta da kwalin magani, ya jawo hannun hagun ya ajiye a kan madannai. Ya cire agogon wasan, don kada lokaci ya ƙare wa yayansa. Dodanni uku-uku. Babbar Yaya tana bakin gado tana cewa a daina wahalar da bawan Allah. Ni ina tsaye a ƙofa da kofin shayi da cokali, ina jiran su gama.

Aka daɗe yatsan bai motsa ba. Da ya motsa, sai ya danna bugun da ko ni na san ba shi da amfani. Haka aka yi ta tafiya, kowane zagaye sai an jira kamar ana jiran ruwa ya tafasa. Can kifin ya fito, ya tarar da Tsinke a fili. Auta ya gyara zama, don wannan ne abin da ya shirya. Sai yatsan ya zame gefe, ya danna, ya sake dannawa, Tsinke ya koma ciki, wani jibgegen dodon dutse ya fito ya karɓi ƙanƙarar a madadinsa. Auta ya ɗago ya dube ni. Na ɗaga kafaɗa, don a ganina yatsa ne ya kuskure. Ya ce a hankali, janye dodo ba danni ɗaya ba ne.

Ƙarshe dai kowa ya rage da ɗaya, Tsinke da kifin, babu wurin ɓuya. Yatsan ya danna. A allo Tsinke ya yi tsalle, ganye ya watsu, kifin ya kife tun bai buɗe baki ba. Kiɗan nasara ya tashi, Babbar Yaya ta tafa tana cewa ai ga shi ya ci, Auta ya yi dariyar da ya tanada.

Malam bai motsa ba. Yana kallon allon, kiɗan yana ta maimaita kansa. Sai wani sauti ya fito daga maƙogwaronsa, irin wanda ban ji ba tun ranar banɗaki, ya ɗaga kai a hankali ya kafe Auta da ido. Ya sa yatsa a kan hoton kifin ya buga. Ya sake bugawa, yana yi yana kallon ƙaninsa, har kwalin maganin ya zame ya faɗi ƙasa. Babbar Yaya ta ce ko jikin ne, a kira likita. Auta ya ce ba jiki ba ne. Fuskarsa ta koma irin ta yaron da aka kama da hannu a tukunya.

"Yaya, na rage ne," in ji shi. "Ka yi haƙuri. Yanzu zan mayar."

Ya mayar da makin, ya juya allonsa ya nuna wa yayan lambar. Malam ya daɗe yana duba ta, yadda yake duba madubin mota kafin ya tayar. Sannan yatsan ya koma kan madanni. Suka sake. A wannan karon bai danna bugun banza ko ɗaya ba, ya ɓoye Tsinke har inda ya iya, amma maki ɗaya maki ɗaya ne. Kifin ya riga, ƙanƙara ta sauka, Tsinke ya faɗi. Ɓarin bakin Malam na hagu ya ɗan ja sama, irin murmushin da yake yi in ɗalibi ya taka birki inda ya kamata.

Auta ya kifa kai a gwiwar yayansa yana kuka kamar ba shi ne ke da 'ya'ya a makaranta ba. Babbar Yaya tana ta hamdala, ta ɗauki waya ta fita tsakar gida don ta gaya wa dangi. Ni ina nan a ƙofa, shayin ya huce a hannuna.

Mutumin da ya riƙe maki ɗaya a kansa duk tsawon wannan ciwo bai manta Hausa ba. Na dubi bangon da nake juya shi yana fuskanta kullum, wanda na ce shi yake so ba tare da na tambaye shi ba. A jikin bangon nan na jingine jakar, tun farkon mako, da tawul ɗinsa yana leƙowa ta zif.

Na ajiye kofin na durƙusa a gaban keken, Auta ya matsa. Rabon da in kalli Malam a ido har na manta. Na ce, "Malam, ka ji abin da na gaya wa ƙanwata a waya?"

Bai yi sauri ba, dama bai taɓa yi ba. Ya dube ni har sai da gwiwata ta fara ciwo, sannan ya sunkuyar da kai sau ɗaya ya ɗago.

Abin da ya fara dawo mini ba so ba ne, ba kuma murna ba, kunya ce, ta taso tun daga ciki har sai da kunnuwana suka yi zafi. Na tashi na ɗauko jakar na zazzage ta a kan gado. Rigunansa biyu suka faɗo sama, shuɗiya da fara. Na ɗaga su a gabansa, ɗaya a kowane hannu, na tambaye shi wacce zai sa gobe, wannan ko waccan, na tsaya ina jira.