Taraktar Tsakar Gida

Tun rasuwar Baba ƙaramar taraktarsa take durƙushe a tsakar gidansu na Unguwar Mu'azu, tayoyi sun sace, kaza na ƙwai a ƙarƙashin kujerarta. Tanko kan dube ta ya ji kamar kansa yake kallo. Shi ma a nan ya tsaya cak, cikin hayaniyar 'yan haya, a gidan da rana ba ta leƙowa sai azahar.

Sai Allah ya haɗa shi da Rukayya. Bayan an sa rana, mahaifinta Malam Zakariyya'u ya ce zai ba shi lambunsa na bakin kogi, muddin zai kafce shi kafin dashen tumatir. In ya makara, akwai wani mai jiran lambun. Tun daga ranar, in Tanko ya rufe ido ba ya ganin komai sai fili, da iska, da Rukayya tafe a kan kunya da kwanon abinci, mayafinta na kaɗawa.

Ya samo inji na hannu a Panteka, kasuwar tsofaffin ƙarafa. Abokinsa Benson, bakanike daga unguwar Television, shi ya taya shi kawowa. Baro ya ƙi shiga lungun gidan, sai da suka rungumi injin suka shige a karkace, suna nishi suna dariya.

Aikin bai zo da sauƙi ba. Kaskon baƙin mai da ke ƙarƙashin sabon injin ya fi tsohon zurfi, ramukan notinsa kuma sun ƙi haɗuwa da na jikin taraktar.

"Oga ango, wannan auren dole sai an sake huda," in ji Benson daga ƙasa, ƙafafunsa kawai ake gani.

"Huda mana. Surutunka ya fi aikinka."

"Ni da nake maka kyauta? Miƙo sifana."

Suka huda sabbin ramuka, suka shafe bakin kaskon da gam, suka ɗaure noti ɗaya bayan ɗaya har yatsun Tanko suka fashe. Suka daidaita bel, suka ba tayoyi iska, suka zuba mai, suka jira su ga ko zai ɗiga. Bai ɗiga ba. Da la'asar Tanko ya murɗa makulli. Injin ya yi tari, ya yi shiru, sannan ya kama da wata murya mai kauri da ta girgiza kwanonin rufi. Kazar ta tsere. Umma, mahaifiyarsa, ta fito daga madafa tana share ido da bakin zani, don rabonta da wannan ƙara tun maigidan na da rai.

Tanko ya hau, ya juya kan taraktar zuwa hanyar fita, ya taka birki.

Lokacin da Baba ya shigo da taraktar, wajen a buɗe yake, har mota na iya juyawa. Daga baya aka yi ta ƙara ɗakuna, bana ɗaya, baɗi ɗaya, kamar yadda kowa ke yi a unguwar. Na ƙarshe shi ne ɗakin amarya, wanda Tanko ya ɗora bulonsa da hannunsa a bana. Shi ne ya cinye hanyar, ya bar siririn lungu mai kwana, wanda ko baro bai wuce ba.

Benson ya gwada faɗin taraktar da igiya, ya kai lungun, ya dawo bai yi wasa ba.

"Ko mun cire tayoyi, mun sauke inji, gangar jikin ba za ta sha kwanar nan ba. Ta sama kuwa wayoyin wuta ne. Sai dai ɗakin nan ya ba da hanya."

"Wane ɗaki?" in ji Umma a hankali. "Ranar Juma'a gwaggonnin Rukayya za su zo ganin ɗaki, su auna wurin gado. Ka nuna musu kango, Tanko? Ka san abin da za su koma su faɗa."

Ya sani. Ya ɗauki babbar guduma duk da haka, ya shiga ɗakin. Warin sabon fenti ya tare shi, ruwan ganye, launin da Rukayya ta zaɓa tana rufe fuska don kunya. Ya daɗe a tsaye. Ta taga yana jin injin na bugawa lafiya lau, kamar zuciyar da ba ta san an kulle ta ba.

Wayarsa ta yi ƙara. Ita ce.

"Yaya Tanko, ƙarar me nake ji? Ta tashi?"

"Ta tashi."

"Alhamdulillahi. In gaya wa Babana gobe za ka shiga lambu?"

Ya jingine gudumar a bayan ƙofa, a hankali, don kada ta kankare fentin.

"Bari, zan je in same shi da kaina," ya ce. "Kada ya hana mai jiran nan lambun."

Ya fito ya kashe injin. Benson na tattara sifanoninsa bai ɗago kai ba. Can kazar ta dawo, ta zagaya sabon kaskon mai ɗumi, ta shige ƙarƙashin kujera ta kwanta.