Hannun Hauni

Duk wanda ya san Huseina Tambari a jami'ar da ke Kalgo ya san kanta yana ja. A ba ta lissafin kemistiri kowane iri, kafin malami ya gama goge allo ta fitar da amsa. Amma da an shiga lab, ɗakin gwaje-gwaje, sai ta koma kamar kazar da ruwa ya doka. Bara ta faɗi jarrabawar firatikal, abin ya ja makinta ƙasa ƙwarai. Bana an gaya mata ba ɓoye-ɓoye: in ta sake faɗuwa, sai dai ta naɗe tabarmarta ta koma Gwandu.

Abin da ke kayar da ita, in aka faɗa maka sai ka yi dariya, alhali ba abin dariya ba ne. Akwai wani dogon bututun gilashi da ake kira biyuret, a tsaye yake, da ɗan famfo a ƙasansa. Ana cika shi da wani ruwa ɗan'uwan ruwan kanwa, a ajiye kwalbar asid a ƙarƙashi, a riƙa sakin ruwan ɗigo-ɗigo ana jujjuya kwalbar, har abin da ke ciki ya ɗan yi ruwan hoda, iya yadda ido zai gani. Nan ake rufe famfo. Dama ce ke juya kwalba, hagu ke riƙe da famfo. Ita kuwa Huseina da dama take yin duka biyun. Ta buɗe, ta saki, ta juya, kafin ta koma ta rufe ruwan ya rine ya yi jawur, aiki ya ɓaci.

Malam Nasiru, dattijon da ke kula da lab ɗin, mutumin Dangoma, ya gaji da kallonta.

"Ke ɗiyag ga, ina kinka aje hauninki?" in ji shi. "Hannu guda ba ya ɗaukar jinka. Hauni ga famfo, dama ga kwalba, haka anka koya muna."

Ta ce to, Malam. Hannun hagun dai yana can cikin hijabi, a manne da cikinta.

Bahaguwa aka haife ta. Mahaifiyarta ta rasu tana ƙarama, sai Goggo Mairama, yayar babanta, wadda ta dawo gida daga Dalijan bayan mutuwar mijinta, ta ɗauke ta. Goggo ta so yarinyar nan kamar ranta, ita ta goya ta zuwa asibiti sanda ƙyanda ta kusa tafiya da ita. Amma a kan maganar hagu ba ta da sassauci ko na sisi. In za a ci tuwo sai ta ɗaure mata hannun a ƙugu da ɗankwali. In ta miƙa wa babba abu da shi, muciya ce a bayan yatsu. Ba ta taɓa ɗaga murya ba, tambaya ɗaya kawai take yi a hankali: "Da wane hannu?" Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wannan kuwa ya tanƙwaru har ya wuce inda aka so.

Goggo ta rasu a daminar bara, Huseina tana makaranta. Tun daga nan abin ya canza kama. Da ta ɗago hagu za ta taɓa famfo, sai ƙanshin man kaɗanyar da Goggo ke shafawa ya buso mata a ɗakin da ba ya warin komai sai sinadarai, wuyan hannunta ya yi sanyi daidai inda ɗankwali yake zama, sannan muryar Goggo ta zo ta bayan kunnenta, tar, ba gaggawa. Ta yi addu'o'in da ta sani. Ba ta gaya wa kowa ba, don ta san abin da za a ce, kuma tana tsoron a raba ta da muryar kamar yadda take tsoron muryar.

Ranar Juma'ar da ta rage kafin jarrabawa ta shiga motar Birnin Kebbi, daga can ta kama ta Gwandu. Ta tsaya a kemis ta sayi robar ƙarin ruwa, mai ɗan maƙunni da ake murzawa da yatsa. Ɗakin Goggo ne kaɗai ba kowa a gidan. Ta rataye robar a ƙusar bango, ta ɗura mata ruwan kanwa, ta tara kofin zoɓo a ƙarƙashi da dama, don kowace mace ta san kanwa na juya launin zoɓo. Rana tsaka ce, zafi kamar ya tsaga kwanon rufi, amma da ta ɗago hagu sai sanyin nan ya kama ta. A nan ɗakin muryar ta fi kusa. Kofin ya suɓuce, zoɓo ya malale a siminti.

A haka babanta, Malam Tambari, ya same ta da ya dawo daga masallaci. Ya dubi robar, ya dubi hannun da ta ɓoye, ya zauna a bakin gadon ƙarfen yayarsa.

"Mi kika yi nan, Huseina?"

Ta gaya masa maganar famfo da kwalba. Ta muryar kuwa ta haɗiye ta.

"Goggonki ma bahaguwa ta," ya ce. "Tabon ga na bayan hannunta da taka ce maki na girki na, ba girki ba na. Innammu tat tsoma mata shi cikin kunu mai zahi, ina gani. Sanda ciwon ga yak kama ta, ɓarin dama yas shanye, sai ta ƙiya ta ci da hauni. In an aje mata hura sai ta zuba mata ido, sai in an ba ta a baki. Wata rana na leƙo ɗakin ga, na ishe ta tana sha da kanta. Da hauni. Ludayin ko rawa bai yi, ɗigo guda bai zuba ba. Da tag gane ni sai tas saki ludayin tana kuka, kamar na kama ta da sata. Ba ta ƙara ba har Allah yak karɓi abinai."

Ya tashi ya fita, ya bar ta da zoɓo a ƙasa.

Tausayi ya kama Huseina, haushi ma ya kama ta, ta rasa wanda za ta ji wa haushin, Goggo ko kakar da ba ta taɓa gani ba. Ta goge simintin, ta sake zuba zoɓo. Ta ɗago hagu, muryar ta zo. Wannan karon ba ta janye ba, ta bar ta tana tambaya, ita kuma tana murza maƙunnin. Haka ta wuni, haka ta yi washegari, har zoɓon gidan ya ƙare, yatsun suka fara tuno abin da aka hana su.

Safiyar jarrabawa lab ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar gilashi. Huseina ta cika biyuret, ta yi bisimilla, ta fito da hannun daga hijabi ta ɗora a famfo. Yatsun suka zauna daram kamar can ne gidansu. Dama na juyawa, hagu na saki, ɗigo na bin ɗigo. Hoda ta ɓullo ta ɓace, ta sake ɓullowa ta ɓace, sannan ta zo ta tsaya, fara-fara, yadda ake so. Ta rufe famfo.

Sai a lokacin ta lura ba wanda ya tambaye ta komai. Ta tsaya ta kasa kunne, hannunta a kan famfo, tana jira. Ba ƙanshi, ba sanyi. Ta maimaita gwajin kamar yadda doka ta ce, ya sake fitowa daidai, shirun dai yana nan. Ta san ta ci jarrabawar nan, amma maimakon murna sai kewa ta taso mata irin wadda ba ta ji ba ko ranar da aka yi mata wayar rasuwar Goggo daga Gwandu. Ta rubuta lissafinta hawaye na ɗiga a gefen takarda.

Da lokaci ya cika ta je teburin Malam Nasiru, biro a damanta, ta miƙa masa takardar ba tare da ta lura da hannun da ya miƙa ba. Dattijon ya janye nasa hannun, ya dube ta ta saman tabarau.

"Da hauni za ki ba ni? Ke ɗiyag ga, babu wanda yar rene ki?"

Huseina ta dubi hannun, ta mayar da takardar dama, ta ɗan rusuna.

"Akwai, Malam," ta ce. "Ta rasu."