Kwandon Wayoyi

Ɗaliban ajin manya suna kiransa Malam Ƙamus, shi kuwa sunan na yi masa daɗi ba kaɗan ba. Taƙamarsa ita ce ba ya fassara kalmar Turanci, nuna ta yake yi. Ranar da ya koyar da kalmar ɗaci, sai da ya sa kowa ya tauna ƙwayar magani. Yana kuma da doka: duk wanda ya shigo aji sai ya ajiye wayarsa a kwandon roba da ke kan teburinsa.

Babu wanda ya tsani kwandon nan kamar Anti Tela. Mijinta na kwance a asibiti da ciwon ƙoda, kuma don shi ta shiga ajin, domin ta gaji da likitoci suna ta Turanci a kansa ita tana tsaye kamar gunki. Kullum da la'asar takan rufe shagon ɗinki, ta leƙa shi, ta bar ƙanwarsa a bakin gado. "Ko tari ya yi, ki kira ni," take ce mata.

Ran nan Malam ya rubuta anguish a allo, ya ja layi a ƙarƙashi.

"Suna ne," ya ce. "Ba a ƙirga shi, ba shi da jam'i. Ya wuce damuwa, ya wuce baƙin ciki. Wanda takalminsa ya ɓace ba shi da hurumin amfani da shi. Kun gane?"

Wani direba a bencin baya ya saki hamma. Malam ya haɗe rai, don babu abin da ya ƙi jini irin hamma.

Sai waya ta ɗauki ƙara a cikin kwando. Anti Tela ta gane tata ce, ta yunƙura. Malam ya ɗaga mata hannu, ya ɗauki wayar, ya duba, ya danna, ya kara a kunne.

"E, malaminta ne. Yaushe? Innalillahi." Ya sauke wayar a hankali. "Anti, sai haƙuri. Maigidan ya cika."

Ta zube tsakanin benci biyu, mayafi ya zame, wani irin sauti ya fito daga ƙirjinta wanda ita kanta ba ta san tana da shi ba. Matan ajin suka yo kanta. Malam ya bar ta ta yi mai isarta, yana kallo kamar mai duba aikin da ya yi kyau, sannan ya ƙwanƙwasa allo da alli.

"To, ku kalle ta da kyau. Wannan ita ce kalmar. Kashe kiran na yi, ban yi magana da kowa ba."

Sai direban nan ya fashe da dariya, sauran suka biye masa. Abin takaici, har ita ta yi dariyar, hawaye na shiga mata baki. Daɗin da ta ji na mijinta yana raye ya hana ta yin fushi.

"Malam, Allah ya shirye ka," ta ce. "Ba ni wayar in ji lafiyarsa."

"Doka doka ce. Saura kaɗan mu tashi." Ya kashe wayar gaba ɗaya, ya jefa ta kwando.

Kaɗan ɗin nasa ya yi tsawo. Suka maimaita kalmar, suka rubuta, suka koyi inda ake saka ta a jimla. Anti Tela ma ta rubuta tsaf.

Ana tashi ta kunna wayar a baranda, ta kira ƙanwar mijin.

"Anti, me ya sa kika kashe?" Muryar yarinyar ta dishe da kuka. "Yaya ne ya ce in kira ki, in kara masa a kunne, yana son ya ji muryarki. Na yi ta kira, ya yi ta kallon wayar. Yanzun nan aka rufe masa fuska."

Wannan karon ba ta faɗi ba, babu kuma sautin da ya fito. Ta dai tsaya riƙe da ƙarfen baranda.

Malam Ƙamus ya fito da kwandonsa a hammata, yana kaɗe alli daga riga, fuskarsa fal farin ciki.

"Anti Tela, yau kin taimaki aji," ya ce. "Gobe ki zo mini da jimla ɗaya da kalmar nan."