Fiɗar Zomon Manaja

Ranar Litinin Alhaji Shu'aibu, babban manajan wani kamfanin jimar fata a Challawa, ya shigo taro da zomo a hammata. Na wasan yara ne, mai gashi, wanda ya sayo a Landan shekara tara da suka wuce da ya je kwas. 'Ya'yansa huɗu sun ja shi a ƙasa bi da bi, har ya koma launin hanya, kunne ɗaya ya sha koko ya sandare. Hajiya ta ce ko a wanke shi ko ta jefa shi a bola. Auta kuwa ta ce in aka jefar, ita da tuwo har abada.

Ya dire shi a tsakiyar tebur, ya ce kamfanin da ke tura fata Italiya ba zai kasa wanke zomo ba. Sannan ya dubi Uwani, sabuwar ma'aikaciyar ɗakin gwaji, wadda ta fito daga jami'a da digirin kimiyya, takardar tabbatar da aikinta kuma na kwance a durowarsa wata biyar babu sa hannu.

"Malama Uwani, ga jarrabawarki. Juma'a nake son sa."

Nan take aka kafa kwamiti. Injiniya ya ce a jefa shi cikin gangar da ake juya fatu, minti goma ya isa. Mai kula da sito ya ce yana da sinadarin da ke tuge gashin akuya, in aka rage ƙarfinsa datti kawai zai tuge. Akawu ya buɗe wa zomon fayil. Uwani ta jawo zomon gabanta. Ta matsa cikinsa, ta ji garin katako na ƙara. In ya jiƙa zai kumbura ya ruɓe, wayar da ta riƙe idanun kuma ta yi tsatsa. Abin da bai kamata a yi ba ta san shi sarai. Abin yi ne ba a koya mata ba.

Ranar Laraba tana zaune bayan rumfar shanya da zomon a cinya, sai ga Malam Idrisu, tsohon majemi mutumin Maraɗi, wanda ya shekara ashirin yana kankare fata a nan kuma ba wanda ya tuna da shi a kwamiti. Ya karɓa, ya juya shi.

"'Yata, wannan ai feɗe shi za a yi."

Ta ɗauka zolaya ce, sai ta ga ya zaro reza. Ya bi ɗinkin baya zare ɗaya-ɗaya, ya zazzage garin katakon a kan jarida, ya cire idanun ya adana cikin hularsa. Ya sa ta ɗebo ruwan sanyi ta kaɗa sabulu ya yi kumfa, ya ce ta riƙa dannawa a hankali, ban da murɗa, ban da cuɗa. Sau huɗu suka sake ruwa. Ya hana ta shanya a rana, ya ce ko fatar rago inuwa take so. Washegari ta mayar da idanun, ta cusa audugar rimi, ta ɗinke, ta taje gashin da buroshin haƙori.

Ranar Juma'a kwamiti ya gano ashe zomon fari ne. Injiniya ya miƙe ya bayyana cewa sabuwar hanyar Italiya aka bi. Uwani ta yi ta maza, murya ƙasa-ƙasa, ta ce aikin Malam Idrisu ne.

"Wane Idrisu?" in ji Alhaji, yana sa hannu a takardarta.

Ranar Litinin Uwani ta tarar da buhu biyu na kayan wasan yara a ɗakin gwaji: karnuka, birai, da wata giwa mai ido ɗaya, daga gidajen manajojin Sharaɗa da Bompai. Sai a lokacin ta karanta takardar da kyau. An tabbatar da ita, an kuma ɗora mata kula da sabon sashen wankin kayan wasan yara.

Ta ja buhunan zuwa bayan rumfa, ta ce, "Baba, kun ga abin da muka jawo wa kanmu?"

Malam Idrisu ya leƙa ciki, ya gyara hula.

"Miƙo giwar. Ita ce mai aiki."