Kindirmon Malam Maharazu

Tun da Malam Maharazu ya fara koyar da kimiyya a wata ƙaramar sakandare da ke yankin Zurgu, 'yan aji biyu ba su ƙara yin shiru ba. Ya raba su rukuni-rukuni, ya bar su da gardama da gwaji, shi kuwa yana zagawa a tsakaninsu, ba abin da yake jefa musu sai tambaya. Wannan tsari bai kwanta wa shugaban makarantar, Malam Isiyaku, a rai ba. Shekara talatin ya yi yana riƙe da alli, kuma a wurinsa aji nagari shi ne wanda ba a jin muryar kowa sai ta malami.

"Ranar Laraba zan shigo in zauna," in ji shi. "In na ga koyarwa, madalla. In kuwa kasuwa na tarar, zan miƙa wa Malam Shitu ajin."

Maharazu mutum ne mai yawan saƙe-saƙe, maganar da wani zai manta kafin la'asar shi sai ya yi kwanaki yana juya ta. Ya zaɓi darasin da yake ganin ba zai kunyata shi ba: yadda ƙananan halittun da ido ba ya gani suke mayar da madara kindirmo. Ranar Talata ya samo madara daga wata ruga, ya raba wa rukunonin, ya ce kowanne ya je gida ya sarrafa tasa yadda ya iya. Shi ma ya ɗebi tasa domin ta zama abin misali. Ya tafasa ta, ya wanke sabuwar roba da sabulu da ruwan zafi kamar yadda aka koya masa a ɗakin gwaji na jami'a, ya juye, ya rufe. A birnin Kano ya tashi, kindirmo kuwa a ƙwaryar mai talla kawai ya san shi.

Ranar Laraba Malam Isiyaku ya zauna a bayan aji da littafinsa a cinya. Maharazu ya ɗora robarsa a kan tebur, ya buɗe murfin da ƙarfin gwiwa. Madarar ta tsinke, ruwa ya taso sama, wani wari kuma ya kai har layi na uku.

"Malam," in ji Jabiru, sarkin tsokanar ajin, yana toshe hanci, "wannan ko kyanwar gidanmu sai ta ce tana azumi."

Aji ya tuntsire da dariya. Maharazu ya hangi alƙalamin shugaba yana motsi. Da aka buɗe ƙwaryar rukunin Saudat kuwa, wata yarinya 'yar gidan makiyaya daga wajen Rurum, sai ga kindirmo fari tas, mai kauri, ludayi na shiga da ƙyar.

Nan take ya hango kuskurensa. Bayanin ya zo masa har bakin harshe. In ya ɗauki alli yanzu ya cika allo, shugaba zai ga irin koyarwar da ya zo nema, ajin kuma ya tsira a hannunsa. Amma idanun yaran ba sa kan allo, suna kai da komowa ne tsakanin roba da ƙwarya. Sai ya haɗiye bayanin.

"To, yau malaminku ya faɗi jarrabawa," ya ce. "Wa zai gano inda na kuskure?"

Saudat ta ɗaga hannu a hankali. "Malam, me ka zuba a ciki?"

"Madara."

"Sai me?"

"Shi ke nan."

Ta rufe baki da gefen hijabinta tana dariya. "Ai Inna ta ce madara ba ta zama kindirmo ita kaɗai. Sai an ɗebo kaɗan daga na jiya an zuba mata."

"Ba haka ba ne!" in ji Manu daga rukunin da ke bakin taga. "Mu ba mu zuba komai ba, ga namu nan ya yi kauri."

"A me kuka zuba?" in ji Saudat.

"A ƙwaryar kakata."

"Ƙwaryar nan da ta girme ka? Ai wannan ta sha kindirmo fiye da kai."

Jabiru ya zabura ya miƙe. "Wallahi ke nan akwai wani abu da yake zaune a jikin ƙwaryar! Robar Malam kuwa ba kowa a ciki, ya kore su da sabulu."

"Ta yaya za ka tabbatar mana?" in ji Maharazu.

Aji ya kaure da musu. Kafin minti goma sun tsara gwajinsu da kansu: madara ɗaya, mazubi uku. Roba da tsohon kindirmo, roba ba komai, sai ƙwaryar kakar Manu. Saudat ce ta fita ta zana su a allo.

"Kun bar abu guda."

Kowa ya waiwaya. Malam Isiyaku ne, ya riga ya jawo kujerarsa kusa da rukunin Manu.

"Mahaifiyata, Allah Ya ji ƙanta, ba ta zuba na jiya sai madarar ta huce. In da zafi kuka zuba, kun yi aikin banza."

"Ranka ya daɗe, me ya sa?" in ji Saudat.

Ya buɗe baki, ya dubi Maharazu, sannan ya gyara zaman hularsa. "Ke za ki gaya mini."

Tana cikin tunani aka kaɗa ƙararrawa, amma ba wanda ya tashi, sai da Manu ya yi ihu cewa zafin ne zai kashe mazauna ƙwaryar.

A baranda Maharazu ya bi bayan shugaba.

"Malam Maharazu, ban ga ka koyar da komai ba," in ji Malam Isiyaku ba tare da ya juyo ba. Ya yi taku uku, ya tsaya. "Gobe ƙarfe nawa za ku buɗe mazuban?"

"Bayan hutun tara, ranka ya daɗe."

"A ƙara na huɗu, wanda za a zuba da zafi. Ni zan kawo. Ajin kuma ka ci gaba da riƙe abinka, amma don Allah ka zubar da wannan robar kafin ta kori 'yan aji ɗaya."